Ragon Kiwo da Ragon Jajibere: Yadda Ake Tayar da Ƙungiya a NBA

Ƙarfe ɗayan dare ya ɗan gota a nan Zariya lokacin da alƙalin wasa ya cilla ƙwallo sama a birnin Oklahoma. A can Amurka daren Lahadi ne, 22 ga Yunin 2025, mu kuwa mun riga mun shiga Litinin. Ba wuta, kamar kullum. Na jingina waya da filas ɗin shayi a kan tabarma, ina kallo ina kaɗe sauro, ina kuma lissafin ko datar da ta rage za ta kai ni ƙarshe. Ta kai. Oklahoma City Thunder ta doke Indiana Pacers da ci 103 da 91 a wasa na bakwai kuma na ƙarshe a karawarsu, ta ɗauki kofin NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, karo na farko tun da ƙungiyar ta baro Seattle a 2008.

Da yamma a majalisa nake ba da labari, sai wani abokina, wanda ba abin da ya sani a duniyar wasa sai Chelsea, ya katse ni: "Malam, wane attajiri ne ya saye su?" Na ce ba attajirin da ya zo ya zuba kuɗi. Ya ce, "To manyan 'yan wasan daga wace ƙungiya suka ɗebo su?" Na ce yawancinsu yara ne da suka tashi a gidan. Ya taɓe baki, ya ce shi bai taɓa ganin an ci kofi da haƙuri ba.

Ban ga laifinsa ba. Wanda ya saba da tamaular Turai ya saba da kasuwar da mai kuɗi ke shiga ya nuna wanda yake so. A NBA an ɗaure wa mai kuɗi hannu ta wurare da dama. Ƙungiyoyi 30 ne, ba a faɗawa ƙaramin rukuni ko da an ƙare a ƙutal, akwai iyakar albashin da aka gindaya wa kowa, sannan duk watan Yuni ana zaman zaɓen sabbin 'yan wasa, wanda suke kira diraf. Zagaye biyu ake yi, kowace ƙungiya da gurbi ɗaya a kowane zagaye, kuma waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ke fara ɗiba. Ana iya sayar da gurbin kamar yadda ake sayar da gona da shuka a ciki, har na shekaru bakwai masu zuwa. Da an shiga Yuli kuma sai kasuwar waɗanda kwantiraginsu ya ƙare ta buɗe, ɗan wasa ya tafi inda ransa ya so, ƙungiyar da ya bari ba ta samun ko sisi. Saboda haka duk manajan da ƙungiyarsa ta durƙushe yana tsaye ne gaban tambayar da magidanci ke yi wa kansa kafin babbar Sallah: in sayi ɗan rago tun yanzu in sha wahalar dusa da harawa, ko in jira jajibere in shiga kara in biya ko nawa ne?

Ni ina tare da mai kiwo. Amma akwai kiwon da ba na goyon baya, zan zo kansa.

Mu fara da yadda Thunder ta samu jarinta, domin labarin da kansa kasuwar jajibere ce ta haife shi. A Yulin 2019 Kawhi Leonard, wanda bai daɗe da ci wa Toronto kofi ba, ya zama ba shi da kwantiragi. Los Angeles Clippers ta matsu ta same shi, shi kuma ya nuna yana son a kawo masa Paul George su haɗu. George yana Oklahoma da sauran kwantiragi a kansa. Sam Presti, wanda ke riƙe da ragamar ɗaukar 'yan wasa a ƙungiyar tun 2007, ya ga mai saye ya zo a gigice, sai ya tsuga kuɗi: gurabe 5 na zagayen farko, da damar musanya gurbi sau 2, da Danilo Gallinari, da wani siririn yaro ɗan Kanada da ya buga kaka ɗaya tak, Shai Gilgeous-Alexander. Clippers ta biya. Bayan 'yan kwanaki ya sallama ɗaya tauraron ƙungiyar, Russell Westbrook, zuwa Houston, ya ƙara tara gurabe.

Abin da ya biyo baya ba daɗin kallo. Kakar 2020/21 sun ci wasa 22 sun sha kashi 50. Kakar da ta biyo, 24 da 58. Ranar 2 ga Disambar 2021 Memphis ta yi musu 152 da 79, tazarar maki 73, wadda ba a taɓa ganin irinta ba a tarihin gasar. Amma kaka biyu kawai suka yi a wannan rami. A zaɓen 2022 suka ɗauki Chet Holmgren a gurbi na 2, suka ɗauki Jalen Williams a na 12, kuma wannan na 12 ɗin daga cikin kayan Clippers ya fito. Sai nasara 40, sai 57, sai 68 a kakar da suka ɗauki kofi, Shai ya zama gwarzon kaka, ya fi kowa zura maki, ya kuma zama gwarzon wasannin ƙarshe.

Ga inda ribar kiwo take, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya. Yaron da aka ɗauka a zagayen farko albashinsa a ƙayyade yake har shekara huɗu, komai ƙwarewarsa. A kakar 2024/25 Jalen Williams bai kai dala miliyan 5 ba, shi ne kuma ya zura maki 40 a wasa na biyar na ƙarshe. A wannan kakar dai Paul George, wanda ya bar Clippers hannu rabbana a 2024 ya koma Philadelphia kan dala miliyan 212 na shekara huɗu, ya karɓi kusan miliyan 49, ya buga wasa 41 cikin 82, ƙungiyarsa ta ƙare da nasara 24. A gasar da aka ce kowa ga iyakar abin da zai kashe, duk wanda ke samun aikin miliyan 40 a kan miliyan 5 ya samu rarar da zai cike sauran gurabe da mutanen kirki. Mai zuwa kasuwa kuwa yana biyan cikakken farashi ne, sau da yawa a kan aikin da mutum ya riga ya yi wa wata ƙungiyar yana da ƙuruciya. Kafin tauraro ya samu cikakken 'yancin tafiya inda yake so, yawanci ya ba shekara 27 baya, gwiwa ta fara magana.

Wanda ke son ganin yadda ragon jajibere ke mutuwa a hanya ya dubi Brooklyn Nets, da ta faɗa rami ɗaya sau biyu cikin shekara goma. A 2013 ta kwashi gurabenta na 2014 da 2016 da 2018, da damar musanya na 2017, ta miƙa wa Boston domin ta karɓi Kevin Garnett da Paul Pierce, waɗanda duk sun haura 35. Tsofaffin suka gaji, ƙungiyar ta rushe, Boston ta zauna tana girbin abin da ba ta shuka ba: Jaylen Brown a 2016, Jayson Tatum a 2017, su biyun da suka kai ta ga kofin 2024. Sai a 2019 Nets ta sake cin kasuwa, wannan karon kowa ya ce ta yi sa'a, Kevin Durant da Kyrie Irving suka zo da ƙafarsu. A Janairun 2021 ta sake tattara gurabe ta karɓo James Harden. Su ukun nan wasa 16 kacal suka buga tare. Rauni, rigimar allurar rigakafin korona da ta hana Irving buga wasannin gida, ɓacin rai, neman a sallame mutum. Zagaye ɗaya suka taɓa tsallakewa a wasannin neman kofi. Kafin ƙarshen Fabrairun 2023 duk sun watse.

Sai dai in yi adalci, kada a ce na ɓoye. A wasa na bakwai da Milwaukee a Yunin 2021, Durant ya jefa wata ƙwallo ana saura daƙiƙa ɗaya, ta shiga, amma babban yatsansa na kan layi, sai aka ba shi maki 2 maimakon 3. Aka tafi ƙarin lokaci, Milwaukee ta wuce, ta je ta ɗauki kofin. Da takalminsa ya ɗan rage tsawo, wataƙila da wannan sharhin ya ɗauki wata hanya. Sa'a tana da nata kaso a kowace dabara. Abin da nake dubawa shi ne me ya rage a hannunka idan sa'ar ta ƙi. Nets ta wayi gari ba taurari, ba gurabenta.

Yanzu ga kiwon da na ce ba na so. Akwai masu fahimtar cewa tunda na ƙasa ke fara ɗiba, to hanya mafi sauƙi ita ce ka kwanta da gangan, ka sayar da duk wanda ya iya wasa, ka yi ta shan kashi har Allah ya haɗa ka da wani Hakeem Olajuwon. Dabarar ba sabuwa ba ce. Zargin da aka yi wa Houston na sakin jiki kafin ta ɗauki Olajuwon, ɗan Legas, a 1984 yana cikin abin da ya sa aka shigo da ƙuri'ar raba guraben farko a 1985. Amma wanda ya mayar da ita aƙida shi ne Sam Hinkie a Philadelphia daga 2013. Nasara 19, sai 18, sai 10 cikin wasa 82. An yi lokacin da suka sha kashi 28 a jere. An ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, to bari mu ga tokar. Joel Embiid ɗan Kamaru, gurbi na 3 a 2014, ya zama gwarzon kaka a 2023, wannan riba ce ko da jikinsa bai taɓa barinsa ya sake ba. Jahlil Okafor, na 3 a 2015, bai yi ƙarko ba. Ben Simmons, na 1 a 2016, an rabu dutse a hannun riga. Markelle Fultz, na 1 a 2017, wanda suka ƙara wa Boston gurbi domin su hau su ɗauke shi, ita kuma ta sauko ta ɗauki Tatum tana dariya. A 2018 suna riƙe da gurbi na 10, Shai ya tafi a na 11. Gaskiya ne Hinkie ya ajiye aiki tun Afrilun 2016, waɗanda suka gaje shi su suka yi wasu kurakuran, kuma magoya bayansa har gobe da wannan suke kāre shi. Amma wannan ma aibin dabarar ne. Shirin da sai an shekara bakwai kafin a ga amfaninsa, a sana'ar da ba a ba mutum shekara huɗu, an gina shi ne a kan haƙurin da babu shi. Har zuwa kakar 2024/25 Philadelphia ba ta wuce zagaye na biyu na wasannin neman kofi ba tun 2001.

Kuma hukumar gasar ta ƙara toshe wannan hanya. Tun 2019 ƙungiyoyi uku na can ƙasa kowace kashi 14 cikin ɗari take da shi na samun gurbin farko. Detroit ta fi kowa lalacewa a 2023 da 2024, sau biyu ƙuri'a ta jefa ta gurbi na 5. Utah ta ƙare da nasara 17 a 2025, ita ma na 5 ta samu, Dallas kuwa mai kashi 1.8 ta samu gurbin farko ta tafi da Cooper Flagg. Ka tuna akwai mai sayen tikiti, akwai uban da ya kai ɗansa filin wasa, ya tarar an ajiye lafiyayyen ɗan wasa a benci don kada a yi kuskuren cin wasa. Thunder ma ba ta da tsarki a nan, a Maris ɗin 2021 ta zaunar da Al Horford lafiyarsa ƙalau har ƙarshen kaka. Bambancinta shi ne ta shiga ramin da Shai a hannu da rumbu cike da guraben wasu, ba ta dogara ga faɗuwarta kaɗai ba, kuma ba ta daɗe a ciki ba.

Mu dubi zakarun 2019 zuwa 2025, ƙungiyoyi bakwai daban-daban, mu tambayi inda jagoran kowace ya fito. Giannis Antetokounmpo, ɗan iyayen Najeriya haifaffen Girka, Milwaukee ta ɗauke shi a na 15. Stephen Curry na 7. Nikola Jokić ɗan Sabiya na 41, a zagaye na biyu, lokacin da aka kira sunansa ma talabijin na nuna talla. Tatum da gurbin Nets aka samo shi. Kawhi da Shai ta musaya suka zo, kuma ɗaya na 15 ne, ɗaya na 11. LeBron James na Lakers a 2020 shi kaɗai ne ya shigo ta kasuwar Yuli. Ba ko ɗaya a cikinsu da ƙungiyar ta same shi ta hanyar nutsewa ƙasa da gangan shekara da shekaru. Abin da ya haɗa yawancinsu ido ne, mutanen da ke yawo ƙananan filaye suna kallon yaran da ba wanda ya damu da su, da masu horarwa da ke iya mayar da ɗanye dafaffe.

Namu na Zariya ya nuna wannan. Masai Ujiri, wanda ya tashi a garin nan kafin ƙwallon kwando ta kai shi Amurka, ya karɓi ragamar Toronto a 2013, garin da taurarin Amurka ba su cika son zuwa ba saboda sanyi da haraji da tsallaka iyaka. Bai rusa ƙungiyar ba. Ya ɗauki Pascal Siakam ɗan Kamaru a na 27 a 2016, ya tsinci Fred VanVleet wanda ba wanda ya zaɓa, ya ɗauki OG Anunoby a na 23. Da ya ga sun kai maƙura, kullum LeBron na tare musu hanya, sai a Yulin 2018 ya yi abin da ya sa rabin garin suka yi fushi da shi: ya ba da DeMar DeRozan, ɗan gida mai shekara tara a ƙungiyar, ya karɓo Kawhi, mai sauran shekara ɗaya a kwantiragi, wanda wasa 9 kawai ya buga a kakar da ta wuce. Kofi ya zo, Kawhi ya tafi. Da Ujiri ba shi da ɗan kiwon da zai bayar, da ba wanda zai saurare shi a teburin ciniki. Indiana da ta kai wasan ƙarshe a 2025 kusan haka ta yi, ba ta daɗe a ƙasa ba, ta juya Domantas Sabonis ya zama Tyrese Haliburton, ta ƙara da Siakam.

Masu ra'ayin kasuwa za su kawo Miami ta 2010, da LeBron da Chris Bosh suka sauka gari ɗaya, kofi biyu. Za su kawo Shaquille O'Neal zuwa Lakers a 1996, da Durant zuwa Golden State a 2016. Duk gaskiya ne. Amma Dwyane Wade suka tarar a Miami, ɗan gida na zaɓen 2003, ya riga ya ci kofi. Durant ya tarar da Curry da Klay Thompson da Draymond Green, na 7 da na 11 da na 35, sun ci wasa 73 a kaka guda, kuma kuɗin talabijin ne ya ɗaga iyakar albashi daga miliyan 70 zuwa 94 a lokaci ɗaya har aka samu wurin sa shi. Tauraro ba ya zuwa kango. Sannan akwai maganar gari. Los Angeles da Miami suna da teku da rana da masana'antar nishaɗi, abin da Oklahoma ko Milwaukee ko Salt Lake ba za su taɓa saya ba. Ba wa manajan Utah shawarar ya jira kasuwar Yuli tamkar ce wa mai shago a ƙauye ne ya jira 'yan Kantin Kwari su zo sari wurinsa.

Ita kasuwar ma ta rame. Doka ta ba ƙungiyar da ke riƙe da ɗan wasa damar ba shi shekara biyar da ƙarin kashi 8 duk shekara, baƙuwa kuwa shekara huɗu da kashi 5. Don haka manya yanzu sukan sa hannu a gida su karɓi kuɗin tukuna, in ransu ya ɓaci daga baya su nemi a musanya su. Musaya kuwa da gurabe da yara ake biyanta. Yarjejeniyar 2023 ta ƙara wani shinge na biyu a saman harajin da ake ɗora wa ƙungiyar da albashinta ya wuce iyaka, shingen da a kakar 2024/25 yake wajen dala miliyan 189. Wanda ya haura shi ba zai haɗa albashin mutum biyu ya musanya da ɗaya ba, ba zai sa tsabar kuɗi a ciniki ba, har gurbinsa na shekara bakwai gaba ana iya daskarar da shi. Phoenix ta tara Durant da Bradley Beal da Devin Booker, albashinta ya fi na kowa, ta ƙare da 36 da 46, ko zagayen neman kofi ba ta shiga ba. Boston da kanta, shekara ɗaya bayan kofi, sai da ta rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porziņģis don ta sauko ƙasan shingen.

To ina amfanin kasuwar? Kayan miya. A 2024 Dallas ta fitar da Thunder a zagaye na biyu, kowa ya ga inda aka fi ƙarfinsu, ƙarƙashin kwando, wurin ƙwace ƙwallon da ta dawo. Presti bai je neman suna ba. Ya ba Isaiah Hartenstein dala miliyan 87 na shekara uku, kuɗin da wasu suka ce ya yi yawa ga mutumin da ba ya zura maki sosai, ya kuma musanya Josh Giddey da Alex Caruso, mai tsaron da ke hana abokin hamayya sakat. Ya san abin da tukunyarsa ta rasa kafin ya fita. New York ma ta yi irin wannan dace da Jalen Brunson a 2022 kan miliyan 104, lokacin ana yi mata dariyar ta yi asara, saboda ta sayi mutumin da bai gama nuna abin da ke cikinsa ba.

Da na koma majalisa na faɗa wa abokina wannan, sai ya ce, "To Malam, in yaran sun girma fa, ba za su nemi haƙƙinsu ba?" Tambayar ta fi dukkan bayanina nauyi, domin Oklahoma ta taɓa zuwa nan. Presti ne ya ɗauki Durant a 2007, Westbrook a 2008, Harden a 2009, uku a jere kuma kowannensu ya zo ya zama gwarzon kaka. Sun kai wasan ƙarshe a 2012 suna yara. A Oktoban shekarar aka sallama Harden zuwa Houston saboda saɓanin 'yan miliyoyin daloli da tsoron haraji, a 2016 Durant ya fice ta ƙofar Yuli, kofin bai zo ba. A Yulin 2025 an sabunta wa Shai kan dala miliyan 285 na shekara huɗu, an ba Holmgren da Williams na shekara biyar-biyar, jimillar ukun na iya haura miliyan 800. Na yaran biyu zai fara aiki a kakar 2026/27, na Shai a wadda ke biye. Daga nan arhar ta ƙare, kuma wasu daga cikin waɗanda suka ɗaga kofin dole su nemi wani gida. Abin da Presti ke da shi a wannan karon, wanda ba shi da shi a 2012, tarin gurabe ne na shekaru masu zuwa, ciki har da saura daga cinikin Paul George.